TARIHI: Ya shekara tara a kan benci, daga baya ya ɗauki takobi huɗu



Makon jiya a shirin wasanni muna cikin lissafin sarakunan kokowa, sai wani dattijo ya bugo waya daga wajen Jiratawa. Bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce mini: "Ɗana, kullum sunan waɗanda sunka ɗauki takobi kuke faɗi. To su waɗanda sunka koya musu kamu hwa, ba su da suna?" Na yi dariya na ce, Baba za mu duba. Amma bayan an rufe shiri maganar ta ƙi barina. Na zauna na gwada kaina. Sarakunan kokowa na jera su ba tare da na duba takarda ba, tun daga Yakuba Ango Kantu wanda ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, har zuwa Isaka Isaka na Doso mai takobi shida. Da na zo kan masu horaswa, wallahi ban cika yatsun hannu guda ba.

Shi ya sa yau zan ba ku tarihin wani mutum na nesa, ɗan Amurka, a cikin wasan da ba mu yi a nan. Ku yi haƙuri da ni, za mu dawo gida. Sunansa ana rubuta shi Bruce Bochy, ana faɗin shi Burus Boci.

WASAN DA KUMA AIKIN NASA

Wasan shi ne besbol, ƙwallon sanda. Ekip biyu ne, kowace da mutum tara a fili. Mutum guda yana tsaye a tsakiya yana jefa ƴar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Ɗan ɗayar ekip ɗin yana riƙe da sanda yana neman ya buge ta. In ya buga ta yi nisa, sai ya sheƙa da gudu ya zagaya tashoshi uku ya dawo ta huɗu, wadda suke ce ma gida. Duk wanda ya dawo gida lafiya an ci maki guda. Tsakanin mai jifa da mai bugu kusan mita 18 da rabi ne, ƙwallon kuma takan yi gudun da ya wuce kilomita 150 a awa.

A bayan mai bugu akwai wani mutum a tsugune, fuska a rufe da ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri duk a ɗaure da kariya, da wata ƙatuwar safar fata a hannu. Shi ne mai cafewa. Duk ƙwallon da mai bugu ya kuskure, shi ka tare ta. Yana tsugunawa yana tashi fiye da sau ɗari a maci guda. Ƙwallo ta doke shi a yatsa, ta doke shi a kafaɗa, sanda ta goge masa kai. In ɗan wata ekip ya taho da gudu zai shiga gida, shi ne ke tsaye a bakin ƙofa.

Amma akwai wani abu guda. A cikin mutum taran nan, shi kaɗai ne ke fuskantar filin duka. Sauran takwas shi suke kallo, shi kuwa yana ganin kowa. Shi ke yi ma mai jifa ishara da yatsu: wannan karon jefa mai ƙarfi, wannan karon mai lanƙwasa, wannan mutumin ba ya iya ta ƙasa-ƙasa. Dole ya haddace halin kowane mai bugu na kowace ekip, ya kuma san halin masu jifan ekip ɗinsa, wanda ake lallashi da wanda sai an daka masa tsawa. Wannan aikin Boci ya yi. Kuma ko a nan ɗin ba shi ne na farko ba, mai jiran gado ne, wanda ake sa wa in na farko ya gaji ko ya ji ciwo.

ƊAN SOJA DA AKA HAIFA A FARANSA

An haife shi ranar 16 ga Afrilu 1955 a wani wuri da ake kira Landes de Bussac, a kudu maso yammacin Faransa. Babansa sojan Amurka ne da ke aiki a sansaninsu na can, zamanin da Amurka ke da sansanoni a ƙasar Faransa kafin Janar de Gaulle ya ce su tattara su fita. Ɗan soja ba ya da gari guda. Iyalin sun zauna a Panama, sun zauna a jihohi daban-daban na Amurka, daga ƙarshe suka tsaya a garin Melbourne na jihar Fulorida, inda ya gama lakkwal.

A 1975, shekarar da Kantu ya ɗaga takobi a Tawa, ekip ɗin Astros ta birnin Hustan ta ɗauke shi yana da shekara ashirin. A can ba a kai mutum babban fili kai tsaye. Kowace babbar ekip tana da ƙananan ekip-ekip a ƙananan garuruwa, hawa-hawa kamar matakala. A nan yaro ke cin wuya, tafiya cikin bas dare da rana, albashi kaɗan. Mafi yawansu a nan suke ƙarewa, ba su taɓa taka babban fili ba. Boci ya shekara uku a ƙasa, sai a watan Yuli 1978 aka kira shi sama.

SHEKARA TARA NA JIRA

Bari in ba ku lissafinsa, don shi ne zuciyar labarin. A babbar gasar Amurka kowace ekip tana buga maci 162 a shekara. Boci ya yi shekara tara a wannan gasa, daga 1978 zuwa 1987, a ekip uku: Astros ta Hustan, Mets ta Niyok, da Padres ta San Diyago. A duk shekarun nan maci 358 kawai ya shiga. Ku raba, za ku ga kusan maci arba'in a shekara. Ke nan a cikin maci huɗu, uku yana zaune a benci yana kallo. Ya tsaya bugu sau 802, ya dace sau 192. Ba wanda zai kira wannan lissafin gwani.

Abin da aka fi saninsa da shi a lokacin ma, girman kai ne, ba na hali ba, na ƙoƙon kai. Kansa ya fi na kusan kowa a gasar girma, har ana ba da labarin cewa hular kwanonsa tare da shi take canja ekip, sai dai a sake mata fenti, don ba a samun wadda za ta shige shi.

Abubuwa uku ne masu bin wasan ke tunawa da su a wasansa, biyu daga ciki kuma tarihin wani ne, shi dai yana wurin.

Na farko a watan Oktoba 1980. Astros na karawa da Phillies ta Filadelfiya, wanda ya yi nasara zai je gasar ƙarshe. Masu cafewa biyu da ke gabansa duk sun ji ciwo, dole aka sa Boci. Wasa ya kai ƙarin lokaci, sai wani shahararren ɗan wasa mai suna Pete Rose ya taho da gudu zai shiga gida. Ƙwallo ba ta zauna a hannun Boci ba, Rose ya banke shi da dantse ya wuce ta kansa ya ci makin. Astros ta faɗi ranar, ta sake faɗuwa washegari, aka fitar da ita. Ku riƙe wannan bankar, za ta dawo.

Bayan nan Astros ta miƙa shi ga Mets. Shekarar 1981 gaba ɗaya a ƙaramar ekip ya yi ta. A 1982 aka ba shi maci 17, sannan aka sallame shi. Yana da shekara 27, ba ekip, ba suna. Padres ta ɗauke shi a 1983 don ya riƙa hutar da mai cafewarta na farko, Terry Kennedy. A 1984 Padres ta kai gasar ƙarshe, wadda suke kira World Series, wato takobinsu. Sau ɗaya tak aka ba shi sanda a duk gasar, ya kuma dace, amma Tigers ta Ditirot ce ta ɗauke kofin.

Na biyu a watan Yuli 1985, ya buga ƙwallon da ta fice daga fili ta kuma rufe maci a kan Nolan Ryan, ɗaya daga cikin masu jifa mafi ƙarfi da aka taɓa yi. Ryan ya shekara 27 yana jifa, kuma wannan ne kaɗai karon da wani ya rufe masa maci da irin wannan bugu.

Na uku ranar 11 ga Satumba 1985 a birnin Sinsinati. Pete Rose ɗin nan dai, ya yi bugunsa na 4,192, ya karya tarihin da ya daɗe a hannun Ty Cobb. Aka tsayar da wasa, fili ya ɗauki tafi, hotuna suka zagaya duniya. In ka duba hoton da kyau, akwai wani ƙato a tsugune a bayan Rose, fuska a rufe. Boci ne. Haka rayuwarsa ta wasa take, yana cikin hoton amma ba shi ake ɗauka ba.

A 1987 wani matashi mai suna Benito Santiago ya karɓe wurin gaba ɗaya. Boci ya gane tafiya ta ƙare.

KOMAWA ƘASAN MATAKALA

A nan ne labarin ya juya. A 1988 ya koma ƙaramar ekip ɗin Padres da ke Las Vegas, yana wasa yana kuma taimaka ma mai horaswa. A 1989 aka ba shi ekip tasa ta farko a Spokane, can ƙasan matakala, inda ake kai yara sabbin ɗauka. Suka ci gasarsu. A 1991 ya sake ci da wata ƙaramar ekip a Kalifoniya, a 1992 ya ci da ta Wichita. Shekara huɗu yana cikin bas tare da yara, kofi uku. Daga nan aka dawo da shi babbar ekip a matsayin mataimaki na shekara biyu, sannan a ƙarshen 1994 aka danƙa masa Padres yana da shekara 39.

A 1996 aka zaɓe shi gwanin masu horaswa na rukuninsu. A 1998 ya kai Padres gasar ƙarshe, Yankees ta Niyok ta yi musu huɗu ba ko ɗaya. Ya shekara goma sha biyu a San Diyago, ya ci maci 951, an cinye shi 975. Ya tafi ba takobi.

A ƙarshen 2006 Giants ta San Faransisko ta ɗauke shi. Shekara biyun farko ba a cewa komi, ana ta kayar da su. Giants kuwa rabonta da kofi tun 1954, tun tana Niyok kafin ta yi ƙaura. Sai ga 2010. Ekip ɗin da ya haɗa a shekarar cike take da mutanen da wasu suka yar. Pat Burrell an sallame shi daga Tampa a tsakiyar shekara. Cody Ross ekip ɗinsa ta sake shi a watan Agusta. Edgar Rentería ana cewa ya tsufa. Ross ɗin ne ya zama gwanin zagayen kusa da ƙarshe, Rentería ya zama gwanin gasar ƙarshe, suka doke Rangers ta Teksas. A 2012 suka sake ɗauka a kan Ditirot, huɗu ba ko ɗaya. A 2014 suka ɗauki na uku a kan Royals ta Kansas.

Na 2014 ɗin ya isa a tsaya a kansa. Wanda ya buga ƙwallon da ta kai su gasar ƙarshe, Travis Ishikawa, mutum ne da wata ekip ta sallama a farkon shekarar, har yana tunanin barin wasa. A macin ƙarshe kuma, na bakwai, ranar 29 ga Oktoba, Boci ya yi abin da masu lissafi ba su so. Al'ada mai jifa na farko yana hutawa kwana huɗu tsakanin maci da maci. Madison Bumgarner ya yi jifa maci guda cur ranar 26, kwana biyu kawai ya huta. Boci ya kira shi a tsakiyar wasa, ya bar shi a fili har ƙarshe, ba a ci shi maki ko ɗaya ba, aka tashi 3 da 2. Mutumin da ya shekara da shekaru yana karɓar jifa a tafin hannunsa ya san lokacin da hannu ya gaji da lokacin da bai gaji ba.

Wani abin lura, mai horas da Ditirot a 2012, Jim Leyland, shi ma tsohon mai cafewa ne, wanda ko babban fili bai taɓa takawa ba a matsayin ɗan wasa. Mai horas da Kansas a 2014, Ned Yost, shi ma mai cafewa ne na jiran gado. A Amurka an daɗe da lura cewa daga wannan tsugunon ake samun masu horaswa da yawa.

BANKAR TA DAWO

Na ce ku riƙe bankar 1980. Ranar 25 ga Mayu 2011, mai cafewar Giants, matashi Buster Posey, yana tsaye a bakin gida, wani ɗan ekip ɗin Marlins ya taho da gudu ya banke shi. Ƙashin ƙafa ya karye, jijiyoyin idon sawu suka tsinke, shekarar ta wuce shi. A lokacin doka ba ta hana irin wannan karo ba, ana ɗaukar shi jarumtaka. Boci na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa a canja dokar. A 2014 aka canja ta: mai gudu ba ya da izinin barin hanyarsa don ya banke mai cafewa, shi ma mai cafewa ba ya tare hanya in ƙwallo ba ta hannunsa. Posey ya warke, a 2012 aka zaɓe shi gwanin ƴan wasan rukuninsu.

A ƙarshen 2019 Boci ya ce ya huta. Lissafinsa na horaswa a ranar: ya ci maci 2,003, an cinye shi 2,029. Ku sake karantawa. Faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa, ga kuma takobi uku a ɗaki. A 2022 ya je ya horas da ekip ɗin ƙasar Faransa, ƙasar da aka haife shi, a wasannin share fage da aka yi a Jamus, ba su kuma tsallake ba. A ƙarshen shekarar Rangers ta Teksas, wadda ya hana kofi a 2010, ta roƙe shi ya dawo. Ekip ce da aka cinye sau 94 a shekarar, kuma tun kafa ta a 1961 ba ta taɓa ɗaukar kofi ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2023 ta ɗauka, Boci yana da shekara 68. Takobi na huɗu ke nan. A duk tarihin wasan, mutum shida ne kawai suka kai huɗu ko fiye.

MU DAWO GIDA

To Baba na Jiratawa, ga inda maganarka ta kai ni.

Kowa a nan ya san yadda ɗan kokowa ke tashi. Bayan kaka, an kai hatsi rumbu, ganga ta fara tashi a dandali. Yaro ya fara da sa'o'insa na unguwa, ya wuce ƙauyen maƙwabta, ya bi kasuwanni. In ya ji ƙarfinsa ya tsallaka har Jibiya da Katsina. Daga nan zaɓen kwamin, zaɓen gunduma, zaɓen jaha. A yau jihohi takwas ke zuwa gasar takobi, kowace da mutum goma, tamanin ke nan, kuma mutum guda ke komawa gida da takobi. Saura saba'in da tara fa? Da na goma sha ɗaya, wanda aka bari a gida bayan shi ne ya yi ta ba sauran jikinsa suna gwada kamu a kai har suka goge?

Waɗannan su ne Bocin namu. Mutum ya shekara goma sha biyar yana shiga fili, ya kayar an kayar da shi, ya kai zagaye na biyu ko na uku a fitar da shi. Makaɗi bai yi masa waƙa ba, ba a ba shi doki ba. Amma ya riƙe ƙugun kusan duk wani babban ɗan kokowa na zamaninsa, ya san wanda ke fara kai hari ta hagu, ya san wanda numfashinsa ke ƙarewa in an ja shi da nisa. Sarki sau da yawa bai san yadda yake yin abin da yake yi ba, Allah ne ya ba shi jiki. Wanda ya sha ƙasa kuwa dole ya kwana yana tunanin ta ina aka shigo masa.

Na taɓa zama kusa da wani tsoho a wata kokowar kaka a gefen Tibiri. Gwiwarsa guda ba ta lanƙwasuwa sosai, kunnensa ya murɗe irin na waɗanda suka daɗe a fili. Ana ta kiɗa, ƴan cali-cali na ba mutane dariya, kowa idonsa na kan ƙirji da damatsan yaran biyu da suka shiga. Tsohon ya taɓa ni ya ce: "Ɗana, bar kallon sama, dubi sawu. Wancan babban ya haɗe ƙafafu, yanzu za a ɗebe shi." Bai rufe baki ba ƙaramin ya sunkuya ya ɗauki ƙafa, sai ga ƙato a ƙasa. Ya yi haka har sau uku kafin magariba. Da na tambaye shi ko ya taɓa zuwa gasar takobi, ya ce ya je, bai daɗe ba anka kayar da shi. Da safe yana garka, da marece yara na zuwa bayan gidansa yana nuna musu tsayuwa. Ba wanda ke ba shi ko dala. Kuma ga laifina: na dawo gida ban rubuta sunansa ba, ban ɗauki muryarsa ba, alhali rikoda na cikin aljihuna.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk wanda bai ɗauki takobi ba zai iya horaswa ba, ban kuma ce sarki ba ya iya koyarwa ba. Sunan Kantu da ke kan filin kokowar Maraɗi ya cancanta, kamar yadda na Salma Ɗan Rani ya cancanta a Doso, na Langa-Langa a Damagaram. In yaranmu na yi ma Bindigau kirari, daidai ne. Boci ma da bai samu gwanaye irin su Posey da Bumgarner ba, da ba mu ji labarinsa ba.

Abin da nake cewa shi ne, Boci bai fi tsohon nan na Tibiri ido ba. Abin da ya fi shi da shi matakala ce. Ranar da ƙafarsa ta daina, akwai ƙaramar ekip da aka ba shi, da albashi komi ƙanƙantarsa, da mutanen da ke duba aikinsa shekara-shekara suna cewa wannan ya iya, a ƙara masa. Daga barin wasansa a babban fili zuwa ranar da aka ba shi babbar ekip shekara bakwai ne, daga nan kuma sai da ya ƙara shekara goma sha shida kafin takobin farko. Ya samu masu haƙuri da shi. Namu kuwa, ranar da ya kwance walki, sai gona ko kabu-kabu ko gadi, abin da ke kansa kuma ya tafi da shi kabari.

Akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinmu ba. Kwamin-kwamin ɗinmu, da na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, suna iya sanin tsofaffin ƴan kokowar da ke koya ma yara a yankinsu, a rubuta su, a ba su ɗan abin sabulu lokacin kaka. Masu hannu da shuni da ke liƙa ma sarki kuɗi a goshi ranar nasara, su tambaya wa ya fara koya masa tsayuwa, su kai masa nasa kason. Muna da makarantar INJS a Yamai da ke horas da malaman wasanni. Ina ganin ba abin kunya ba ne a nemi hanyar da mai takarda da mai ilimin fili za su zauna tare, ko da shi na biyun bai taɓa shiga aji ba. Sannan maganar ciwo: gwiwa, baya, wuya, kafaɗa. Wanda ya fi kowa sanin irin kamun da ke nakasa yaro shi ne wanda aka taɓa yi ma shi. In ana zancen dokokin fili, a kira irinsu a ji ta bakinsu, kamar yadda aka ji ta bakin Boci.

Mu ma ƴan rediyo da namu. Daga wannan mako, in Allah ya yarda, zan ware minti goma a shirin wasanni don waɗannan mutane. Ina roƙonku, duk wanda ya san wani tsohon ɗan kokowa a unguwarsu ko ƙauyensu da ke koya ma yara, ko ya taɓa zuwa gasar takobi ko bai taɓa ba, ya nemi izininsa tukuna, sannan ya aiko mini da saƙo. Ni zan zo da kaina da rikoda. Ku ma matasa masu waya, ku zauna da su ku ɗauki maganarsu, ku tambaye su wa suka kama, wa ya kayar da su, ta yaya.

Baba na Jiratawa, in kana saurare ko wani ya karanta maka wannan, ka sake bugowa. Da kai za mu fara, don na ji a muryarka kai ma ka taɓa ɗaura walki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba masu ciwo lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri.